Tsohon Alƙalami Mai Karkataccen Baki: Daga Saye Zuwa Rubutu

Duk tsohon alƙalamin tawada da ya zo hannuna, kafin in kalli launinsa ko sunan kamfanin da ya ƙera shi, haruffa nake fara nema: OB ko OBB. Wani lokaci a jikin bakin zinariyar aka buga su, wani lokaci can a gindin alƙalamin, ƙanana ƙwarai, sai an karkata shi ga haske ake ganinsu. Alama ce ta baki mai faɗi wanda aka yanke kansa a karkace, ba a miƙe ba. Masu tara alƙaluma iri-iri ne. Akwai mai bin launi, akwai mai bin kamfani ɗaya har sai ya haɗa duk abin da ya taɓa fitarwa, akwai kuma wanda ba ya yarda tawada ta taɓa abin da ya saya. Ni baki nake tarawa. Gangar jiki da murfi, komai kyansu, aikinsu su riƙe mini bakin su shayar da shi.

Wannan son ne ya kai ni ga alƙaluman Jamus na shekarun 1950. Ba wai Amurka ba ta yi abin a zo a gani ba. Lewis Waterman ya yi rajistar magudanar tawadarsa, wato abin da ke ƙarƙashin baki yana kai masa tawada, a 1884, Walter Sheaffer ya zo da libar zuƙar tawada, ɗan hannu a gefen alƙalami mai matse jakar roba a ciki, a 1908, Parker ya fitar da Duofold a 1921 da kuma 51 a 1941. Amma idan ka bi tsofaffin alƙaluman Amurka da ke yawo a hannun mutane, yawancinsu siririn baki ne ko matsakaici, karkatacce mai faɗi sai an tona. Su kuwa Jamusawa, Pelikan da Montblanc da Soennecken da Kaweco da Osmia da Geha, karkataccen baki abu ne na yau da kullum a wurinsu, tun daga siriri OF, da matsakaici OM, da faffaɗa OB, har OBB da ya fi shi faɗi. Kuma yankan nasu na wancan zamanin shimfiɗaɗɗe ne, zinariyar tana da ɗan taushi. Yawancin karkatattun da ake yi yanzu ƙwallo ne mulmulalle aka ɗan goge gefensa, layin da suke ja kusan kaurinsa ɗaya ta kowace fuska.

Wanda zan ba da labarinsa Pelikan 400NN ne, mai ratsin kore da baƙi. A birnin Hanoba na Jamus aka kafa kamfanin, kuma tawada da fenti ya daɗe yana yi kafin ya fara alƙalami a 1929, da dabarar fistin da ya saya daga wani injiniya ɗan Hungari, Theodor Kovács. Ana murɗa gindin alƙalamin, fistin ya sauka, a tsoma baki a tawada a murɗo shi baya ya zuƙo. Samfurin 400 ya fito a 1950, shi kuma 400NN a 1956, ana gane shi da gindinsa mai ɗan tsini. Cikinsa yana ɗaukar kusan mililita biyu, alhali ƙaramin kwanson tawada irin na yanzu bai kai mililita ɗaya ba. Ga mai rubutu da faffaɗan baki wannan ba ƙaramin abu ba ne, don OBB mashayin tawada ne.

A intanet na gan shi, kuma hotunan da mai sayarwa ya sa duk na jiki ne, an goge yana ƙyalli. Na roƙe shi hotunan baki daga kusa: ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga gefe, ɗaya kuma yana fuskantar tsinin kai tsaye. Dalili shi ne zinariya ba ita ke taɓa takarda ba. Zinariya mai karat 14, wadda ake buga wa lamba 585, ta yi laushin da takarda za ta cinye ta, shi ya sa ake liƙa wani ɗigon ƙarfe mai tauri a kan tsinin, wanda kowa ke kira iridiyam ko da haɗin wasu ƙarafa ne 'yan uwansa. Idan ɗigon nan ya ɓalle daga harshe ɗaya, ko ya cinye har ya kai ga zinariya, gyaran sai ƙwararre, kuma bakin da zai dawo maka ba shi ne na asali ba. Na kuma tambaye shi ko fistin yana motsi, ko akwai tsaga a leɓen murfi, ko tagar ganin tawada tana nuna haske. Mai sayarwar da ya amsa waɗannan ba tare da kewaye-kewaye ba, yawanci kayansa ma haka suke. Wannan ya amsa, har ya ƙara da cewa fistin yana motsi amma da nauyi, kuma bai taɓa sa masa tawada ba.

Da ya iso ban murɗa komai ba. Gilashin ƙara girma na ɗauko, mai ninka abu sau goma, na zauna kusa da taga. Harsunan bakin biyu suna daidai da juna, babu wanda ya hau ɗan uwansa. Tsagar da ke tsakaninsu tana tsukewa a hankali daga ramin numfashi, ɗan hujin da ke tsakiyar baki, zuwa tsini, yadda ake so, don tsukewar nan ce ke jan tawada gaba. Yankan kuwa ya gangara hagu: harshen dama ya fi tsawo, na hagu ya gaza, kamar yatsun ƙafar hagu idan ka dube su daga sama, babban yatsa a dama sauran suna raguwa. Karkatar ba ta wuce digiri 15 ba, wadda ita aka fi samu. Akwai masu kaiwa 30. Mutane da yawa suna ɗauka na bahago ne. Ba haka ba ne. An yi shi ne don wanda ke ɗan juya alƙalami zuwa hagu idan ya riƙe, kuma yawancin masu yin hakan da dama suke rubutu.

Daga nan sai jiƙo, wanda shi ne ya fi cin lokaci ya kuma fi gwada haƙuri. Na tsayar da alƙalamin a ƙaramin kofi, ruwan sanyi ya rufe baki da magudana kawai, bai kai ga gangar jiki ba. Ruwan ya koma shuɗi, na zubar na sake, ya sake komawa. Tawadar da ta bushe a ciki ƙila ta girmi wanda ke wanke ta. Ruwan zafi haramun ne a nan, haka barasa da duk wani mai narkar da fenti, don suna cin seluloyid, robar da aka yi jikin tsofaffin alƙaluma da yawa da ita, da danginsa. Ba kuma kowane tsohon alƙalami ake jiƙawa ba. Roba mai tauri da ake kira ebonayit, wadda aka yi alƙaluman farkon ƙarni na 20 da ita, baƙinta yana komawa ruwan ƙasa idan rana ta riga ta dake ta sannan ruwa ya taɓa ta. Wasu alƙaluman Ingila kuma an yi su da wani abu da ake samu daga madara, kesin, wanda ke kumbura ya lalace a ruwa. Sai ka san da me aka yi abin kafin ka kai shi famfo.

Da ruwa ya fara fitowa fari, sai na gwada fistin. Ya motsa, da ƙyar. Na zuƙi ruwa na fesar, na yi ta yi har abin da ke fita ya daina launi. Inda tawada ta kafe ta ƙi fita, ɗan amoniya na gida a cikin ruwa ninki goma yana taimakawa, amma a ɗauraye sosai bayansa, kuma ban bar shi ya kwana a ciki ba.

Abin da ya sa masu gyara ke son Pelikan shi ne bakinsa da magudanarsa a haɗe suke cikin wani zobe, ana kwance su gaba ɗaya kamar noti. Sai dai a nan ne aka fi yin ɓarna. Magudanar ebonayit ce mai siraran haƙarƙari a tsaye, matsi kaɗan ke karya su, kuma zoben wasu na ƙarshen shekarun 1950 an yi shi da roba mai haske da ke tsagewa idan ta tsufa. Na ɗora bakin a kan lanƙwasar yatsana manuni, babban yatsa a kan magudana ba tare da dannawa ba, sannan na juya gangar jikin, ba bakin ba. Da farko ya ƙi. Na mayar da shi ruwa ya ƙara kwana, washegari ya saki da kansa. Zoben lafiyarsa lau. Ta wannan ƙofar na sa tsinke mai ɗan giris na silikon zalla, ɗan mitsitsi, na shafa a bangon ciki, na yi ta kai fistin sama da ƙasa. Nan take nauyin ya tafi. Giris ɗin da aka yi da man fetur ba ya shiga nan, yana cin roba. Na cika shi da ruwa na kwantar a kan farar takarda ya kwana, don in ga ko zai yi yoyo ta baya. Bai yi ba, wato robar fistin tana da rai. Waɗanda suka girme shi, irin samfurin 100 na farko-farko, da toshiyar ɓawon itace aka yi nasu, kuma ita idan ta bushe sai an sake.

Wannan aikin mai sauƙi ne idan aka gwada da na masu liba. Ina da wani alƙalami ɗan Ingila mai bakin OB wanda jakar robar cikinsa ta bushe ta zama gawayi, ana girgiza shi ana jin ƙara. Shi sai da na ɗumama wuyansa da na'urar busar da gashi, ɗumin da leɓe zai iya jurewa, har shelak, wani irin danƙo da aka liƙe shi da shi, ya saki. Na kankare tsohuwar jakar, na yanka sabuwa daidai tsawo, na liƙa da shelak, na barbaɗa mata hodar talk don kada ta manne da bango. Wuta kuwa ko kusa, seluloyid yana kamawa kafin ka ƙifta ido. Kuma libar da ta ƙi ɗaguwa ba a tilasta mata, alama ce jakar ta taurare.

Mu koma ga Pelikan. Tawadar farko da nake ba kowane tsohon alƙalami shuɗiya ce marar fitina, mai wankuwa da ruwa, irin Pelikan 4001 ko shuɗiyar Waterman. Tawadar zane mai shelak ko ƙaro, wadda ake tsoma alƙalami a ciki, ba ta shiga alƙalami mai magudana ko sau ɗaya, toshe shi take yi. Na cika, na maido ɗigo biyu-uku cikin kwalba, na goge baki, na ɗora a takarda.

Ya karce. Layi ya fito rabi, gefe ɗaya da tawada ɗaya babu. Haka karkataccen baki ke yi wa duk wanda ya riƙe shi yadda ake riƙe biro, kuma a nan ne da yawa ke yanke hukuncin cewa bakin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Kusurwar dama ce kawai ke taɓa takarda, tsagar da tawada ke bi tana sama. Abin yi shi ne a ɗora bakin a kan takarda ba tare da an rubuta komai ba, a saki yatsu, a mirgina alƙalamin a hankali zuwa hagu, fuskar zinariyar tana juyowa wajen babban yatsa, har a ji ya zauna daram. Ana jin zaman nan a yatsu, babu kuskure a cikinsa. Sai a kama a nan. Na ja layi, ya fito cikakke, jiƙaƙƙe, ba ƙara.

Samun wurin ba wuya. Riƙe shi ne aiki. Hannun da ya saba da biro yana mirgina alƙalami a tsakiyar kalma ba tare da mai shi ya sani ba, don ƙwallon biro bai damu da ta ina aka bi da shi ba. Dabarar da ta taimake ni ita ce ta maƙalin murfi. Na sa murfin a gindi a hankali, ba da turawa ba don leɓensa tsoho ne, na daidaita maƙalin ya faɗo tsakanin tsagar baki da kafaɗarsa ta dama. Idan na riƙe alƙalamin maƙalin yana kallon sama, bakin ya riga ya juya yadda ake so. Ina rubutu ina satar kallonsa, da ya kauce in gyara. Da hannu ya haddace sai na daina.

Sai kuma matsi. Bakunan wancan zamanin suna buɗewa kaɗan idan an danna, layi ya ƙara faɗi, kuma abin yana da daɗin da ke sa mutum ya so ƙarawa. Kada a ƙara. Zinariyar da aka buɗe fiye da ƙarfinta ba ta komawa, harsunan su rabu da magudana, tawada ta yanke. Nauyin alƙalamin kansa ya isa ya yi rubutu. Ɗan buɗewar da ke zuwa da kanta wajen saukowar hannu, ita ce rabon mai rubutu.

Yanzu ga abin da ya sa ake shan duk wannan wahala. Gefen bakin yana kwance ne daga ƙasa hagu zuwa sama dama. Duk layin da ya bi wannan hanyar siriri yake fita, kamar wanda ke haɗa harafi da harafi. Wanda ya ratsa ta, daga sama hagu zuwa ƙasa dama, shi ke samun cikakken faɗi, kusan milimita ɗaya a nawa. Saboda haka harafi kamar o yana fitowa da kauri a kafaɗar dama da ƙugun hagu, da siranta a ɗaya ɓangarorin, ba tare da na yi wani abu ba. Masu zayyanar rubutun Larabci ma a karkace suke fere alƙalaminsu don wannan dalilin. Rubutuna ba wani kyau ne da shi ba, amma bakin nan yana ba shi tsari, yana kuma tona asirin duk inda na yi gaggawa.

Dole kuma rubutu ya ƙara girma. Masu koyar da rubutun faffaɗan baki suna auna tsayin ƙaramin harafi da faɗin bakin, wajen ninki biyar. Ban kai can a rubutun yau da kullum, amma ƙananan haruffan da na saba da su sun gagara. Cikin e da a yana cikewa da tawada. Waɗanda suka fi ba ni aiki su ne masu ƙugiya: ƙ da ɗ da ɓ. Idan na yi ƙugiyar ƙarama ta zama dunƙule, ƙ ta koma k mai ƙulli a ka, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin ƙafa da kafa. Sai da na koyi buɗe ƙugiyar, in fara ta daga inda bakin ke siriri sannan in gangaro. Ta ɗ ta fi sauƙi, don tana lanƙwasa dama, ƙarshenta yana faɗowa inda bakin ke ba da kauri, sai ta fito sarai. Na bar takarda mai matsattsun layuka na koma mai tazarar milimita 8.

Takarda ma sai an zaɓa. Ta injin ɗab'i ta ofis tana shan tawada ta yi naso, gefen layi ya yi gashi, siririn da kaurin su zama ɗaya, wato an kashe abin da aka zo nema. Masu santsi irin Clairefontaine da Rhodia suna riƙe tawada a sama har ta bushe. Tomoe River, duk da siranta, ta fi kowa nuna yadda tawada ke taruwa a ƙarshen layi ta yi duhu ta bar farkonsa da haske, sai dai tana jinkirin bushewa, mai gaggawar juya shafi zai sha shafe. Maiƙon hannu kuma yana sa faffaɗan baki tsallake a ƙasan shafi, shi ya sa nake sa wata takardar a ƙarƙashin hannuna.

Da na tabbatar ba ya yoyo, na koma tawadar da na fi so a irin wannan bakin, mai sinadarin ƙarfe, kamar Salix ta Rohrer & Klingner. Tana sauka shuɗiya mai haske, iska ta taɓa ta ta yi duhu a hankali, kuma ruwa ba ya wanke ta. Ba ta da gudu sosai, don haka tana rage wa tsohuwar magudana yawan zuba, gefen layi ya fito da kaifi. Zinariya ba ta jin tsoronta. Bakin ƙarfe kuwa, irin waɗanda Jamus ta koma yi lokacin yaƙin duniya na biyu da aka hana amfani da zinariya, yana iya tsatsa idan an bar ta ta daɗe. Ko a zinariyar ma ban barin ta ta bushe a ciki.

Akwai masu ba da shawarar a goge tsohon baki da takardar gogewa mai laushi da zarar an ji yana ɗan kama takarda. Ban yarda da wannan ba, sai in an duba da gilashi an tabbatar harsunan suna daidai kuma riƙon yana daidai, don kusan kullum ɗayan biyun nan ne matsalar. Ɗigon ƙarfen da ke kan tsofaffin bakunan nan siriri ne, abin da aka goge ya tafi ke nan, kuma kaifin gefen da ake son kashewa shi ne ke ba da siririn layi. Garin neman gira a rasa ido. Haka kuma ban ga amfanin ɗaukar karkataccen baki na asali a kai a miƙar da shi ba. Wanda hannunsa bai karɓe shi ba ya musanya da wanda ke nema, suna da yawa.

Ni ma akwai wanda na musanya. Na taɓa samun O3B, wanda ya fi OBB faɗi, ina ɗokinsa, amma ya fi ƙarfin rubutuna: in ba sa hannu ko kanun shafi ba, ba shi da aiki a wurina. Na ba wani mai manyan haruffa, na karɓi Montblanc 344 mai OB. Lambobin Montblanc na lokacin suna da ma'ana, na farko yana nuna daraja, 1 ga samfurinsu mafi daraja, Meisterstück, 2 da 3 na ƙasa da shi, na ƙarshe kuma girman baki. Masu bin suna suna rububin 146 da 149, su bar masu lamba 2 da 3, alhali bakunansu na zinariya ba su da abin rainawa a kan takarda. Mai neman baki ya fara dubawa ta nan.

Ajiyar su ba ta da wani sirri. Nesa da rana, nesa da zafi, ba a cikin leda ko kwalbar da iska ba ta shiga ba, don seluloyid yana buƙatar numfashi, kuma wanda ya fara ruɓewa, ya yi tsattsage kamar ƙanƙara a gefe, ana ware shi daga sauran. Biyu kawai nake cikawa a lokaci guda, sauran a wanke a bushe. Idan wani ya ce in ara masa ya gwada, ina ba shi, amma murfin yana hannuna, kuma kafin ya ja layi sai na sa ya ɗora bakin a takarda ya mirgina har ya ji ya zauna. Wasu suna samu nan take, har su yi mamakin rubutunsu. Wasu kuwa hannunsu dama yake juyawa, komai aka yi sai ya karce, kuma su akwai nasu bakin, mai gangara dama, wanda ya fi wuyar samu a cikin tsofaffi. Shi nake cigiya yanzu, don in ga yadda layinsa ke faɗuwa kusa da na OBB a shafi ɗaya.